Tambaya da Amsa: Bakina ya ƙi addu'a tun da aka kashe maigidana

TAMBAYA

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Ƙanƙara. Daminar bara 'yan bindiga suka harbe maigidana a gona yana maimai. Na kwaso yarana uku muka dawo Katsina, muna raɓe a ɗaki ɗaya wajen ƙanen mahaifina a Ƙofar Ƙaura, ina suyar awara a bakin titi. A da ni ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ƙauyenmu. Yanzu in na durƙusa babu abin da ke fitowa daga bakina sai "Me ya sa?" Wata 'yar'uwa a coci ta ce rashin bangaskiya ne, wai Kirista ba ya baƙin ciki, in binciki kaina ko da wani zunubi da na ɓoye. Tun ranar ban koma sujada ba. Maƙwabciyata musulma ita ce ke aiko mana da tuwo ranar da ban yi ciniki ba, har kunyar karɓa nake ji. Mama, Allah ya yashe ni ne? Kuma zunubi ne da nake fushi da shi?

Daga 'yarki a Katsina

AMSA

'Yata, sannu. Allah ya yi miki ta'aziyya, ya raya miki marayun nan. Zan fara da maganar 'yar'uwar nan, domin ita ce ta kulle miki ƙofar majami'a. Ba ta faɗi daidai ba. Wataƙila da kyakkyawar niyya ta yi, amma ta ɗauko rabin aya ta bar rabi. Abin da Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa (wasiƙa ta fari, 4:13) shi ne kada su yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Bai hana baƙin cikin ba. Yesu kansa ya zubar da hawaye a bakin kabarin Li'azaru, alhali ya san yanzu zai kira shi ya fito. To wace ce za ta hana ki kuka a kan uban 'ya'yanki?

Batun ɓoyayyen zunubi kuwa tsohuwar magana ce, kuma Ubangiji ya riga ya yanke ta. Ki buɗe Luka 13. An zo an ba Yesu labarin wasu Galilawa da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Sai ya tambaye su ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran Galilawa zunubi ne, ya kuma ba kansa amsa: a'a. Ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, nan ma ya ce a'a. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma nan ne kawai suka kyauta. Da suka buɗe baki suka shiga tono masa laifi, a ƙarshen littafin Allah ya ce ya husata da su, sai Ayuba ne ya yi musu addu'a. Mutane ne suka ɗauki bindiga suka kashe mijinki, alhakin yana wuyansu. Kada ki yarda a ɗora miki shi.

Ki duba yadda wannan masifa take tafiya a jiharmu. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Mayun 2022 aka shiga gidan limaman Katolika a Gidan Maikambo cikin ƙaramar hukumar Ƙafur aka tafi da su daji. A Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Daga Batsari zuwa Jibiya, daga Faskari zuwa Sabuwa, gonaki nawa ne suka koma saura? Duk waɗannan bayin Allah wane zunubi suka ɓoye?

Yanzu fushin da kike yi. Wannan "Me ya sa?" da kike raina wa, addu'a ce, kuma ba ke kika fara ta ba. Da ita Zabura ta 22 ta buɗe, kuma ita Yesu ya yi da babbar murya a kan gicciye, yana tambayar Allahnsa don me ya yashe shi. Zabura ta 13 sau huɗu tana tambaya har yaushe. Zabura ta 88 ma ta fi su nauyi: daga farko har ƙarshe kuka ne, ba ta juyo ta yi yabo ba, amma ga ta nan cikin Littafi Mai Tsarki, ba a cire ta ba. Na'omi ta koma Baitalami ba miji ba 'ya'ya, ta ce wa matan garin ta tafi a wadace, Ubangiji ya komo da ita hannu wofi. Ba a ce ta yi saɓo ba, daga gidanta ma aka sami kakan Dawuda. Yaron da ke kuka yana dukan bayan uwarsa, ai a goye yake. Da kin rabu da Allah, da ba ki durƙusa ba sam, balle ki tuhume shi.

Saboda haka ki ci gaba da durƙusawa, ki faɗa masa abin da ke ranki ba ado. Ranar da ko wannan ya gagara, ki buɗe Zabura ta 13 ki karanta a bayyane, ki ari bakin Dawuda. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, amma Ruhu yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Don irin halin da kike ciki aka rubuta ayar nan.

Ba zan gaya miki dalilin da ya sa Allah ya bari haka ta faru ba. Duk wanda ya zo ya ce ya gano dalilin, musamman in ya haɗa da cewa ki kawo kuɗi a yi miki addu'ar karya la'ana, ki ba shi hanya ya wuce. Irin su sun yawaita tun da wahala ta yawaita, kuma kuɗin awararki na bakin yaranki ne.

Ina ƙarama, mahaifiyata takan je da ni Babbar Ruga, can hanyar Batsari, inda mishan na SIM suka riƙa jinyar kutare tun shekarun 1930. Akwai wata tsohuwa da cutar ta cinye wa yatsu duka. Da wuyan hannu biyu take tallafe Littafin Waƙoƙi, wata yarinya tana buɗe mata shafi. Danginta sun daina zuwa tun tuni. Wata ran takan rera har muryarta ta rufe ta kowa. Wata ran kuma littafin yana kan cinyarta, bakinta a rufe, hawaye na sauka, sauran mata suna rerawa, ba mai zungurinta, ba mai tambayarta ina bangaskiyarta. Haka nake so ki koma sujada. Ki zauna a benci na baya, kada ki tilasta wa kanki ba da waƙa. Shekaru kin yi kina ɗaga wa mata murya, yanzu lokacinsu ne su rera a madadinki. In cocin nan ya yi miki nauyi saboda 'yar'uwar, Katsina ba ta rasa majami'un da ake sujada da Hausa, ki je inda za ki iya zama.

Sai tuwon maƙwabciya. 'Yata, ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki sa mata albarka. Lokacin fari, wurin wata gwauruwa a Zarefat Allah ya aiki annabi Iliya, ita kuwa ba Ba'isra'iliya ba ce, da ɗan garinta da ɗan manta aka ciyar da shi. Daga baya Iliyan nan ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa, ya ce ya isa haka. Ki karanta 1 Sarakuna 19 ki ga abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ce tashi ka ci, ga waina ga tulun ruwa. Ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan haka aka yi magana. Kina tambaya ko Allah ya yashe ki, ni kuwa ina ganin hannunsa cikin kwanon da ke shigowa ɗakinki da magariba, da kuma baffan da ya matsa ya ba ki wuri. Ranar da awara ta yi saura, ki aika wa yaranta. Haka muka tashi muka ga ana zama a Katsina, kuma bai kamata 'yan daji su ƙwace mana wannan ma ba.

Ina da magana da fastoci da dattawan ikkilisiya masu karanta wannan shafi. Diakonin farko a Ayyukan Manzanni 6, saboda gwauraye da ake mantawa wajen rabon abinci aka zaɓe su. Yakubu 1:27 ta ce sahihin addini shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Bayan da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda tiyar masara ta yi tsada. Matan da suka gudo daga ƙauyuka suna nan cikinmu, da yawa ba su da wanda ya san sunansu. In mace ta yi makonni ba a gan ta a sujada ba kuma ba wanda ya taka ya je, a bar zancen sabon rufi da fenti tukuna.

Ke ma ki taimake su su taimake ki. Ki sami shugabar Zumuntar Mata ko matar fasto, ki gaya mata halinki dalla-dalla: kuɗin makaranta, jarin waken suya, wurin kwana. Ki nemi a sa ki cikin adashensu ko da ƙaramin zubi ne. Kuma na yi aikin jinya, don haka ki ji wannan da kyau: in ba kya barci, ko kina firgita da ƙarar babur, ko abinci ya fita ranki, ko tunanin raba kanki da duniya yana zuwa miki, ki je asibiti ki faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye, ki kuma gaya wa baffanki a ranar. Shan magani ba ya rage bangaskiyar kowa.

Begen da muke da shi ba cewa gobe komai zai gyaru ba ne. Shi ne Almasihu ya mutu, ya tashi, kuma waɗanda suka yi barci cikinsa za su tashi, mijinki a cikinsu. Ru'ya ta Yohanna 21:4 ta ce Allah zai share dukan hawaye. In yau ba ki iya riƙe wannan ba, ni na riƙe miki, ina kuma sa ki cikin addu'ata.

Yaran kuma ki riƙa yi musu hirar babansu, ki kira abin da yake so da abin da ke ba shi dariya, kada su ɗauka ambatonsa laifi ne. In sun ga kina kuka, ki gaya musu kewarsa kike yi, su ma su yi nasu. Ki lura da babban musamman, domin su ne masu haɗiye abu. Ki sake rubuto mini bayan girbi, ki gaya mini ko an sa su makaranta.