Amsa: Fara wasan golf a watan Maris, ko a jira damina?

Malam, ka tambaya ko ka fara fita fili yanzu ko ka jira ruwa ya sauka, tunda ka ga 'yan Ingila suna murnar dawowa wasa a Maris. Shawarata kada ka jira, sai dai yanayinsu daban da namu. Su sanyi da ƙanƙara ne suka tsare su a gida, suna dawowa su tarar da ƙasa jiƙe, ƙwallo ta faɗi ta tsaya inda ta faɗi. Mu a Kaduna bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas.

Wannan bushewar ita ce abin lura. Ƙwallo za ta yi ta gangarawa, har sabon ɗan wasa ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙaru. Idan ka nufi ramin da ake zura ƙwallo kai tsaye, wucewa za ta yi. Sauke ta kafin wurin, ka bar ta ta gangara. Kuma kada ka sari ƙasa da ƙarfi, wuyan hannunka ne zai sha wahala.

Ka fita bayan sallar asuba, da gari ya waye. Cikakken wasa, wato ramuka 18, yana cin kusan awa huɗu a ƙafa, don haka fara da 9 kafin rana ta take. Riƙe ruwa isasshe, har da na yaron da ke ɗaukar maka jaka, don Allah kada a manta da shi.

Idan ruwan farko ya zo wajen Afrilu ka ji tsawa, ajiye sandunan ka bar fili nan take, kada ka fake a gindin bishiya.