Amsa: Ina ruwan falsafar Dao da rawar Sinawa?

Malam, ka tambaya ko falsafar Dao, wato tsohuwar koyarwar Sinawa ta bin “Hanya” ko tafarkin halitta, ta shafi rawar gargajiyar Sin da gaske. Wallahi ta shafe ta, har cikin tafin ƙafa.

Dubi takun da suke kira Yubu. Almararsu ta ce Sarki Yu ya sha fama da ambaliya har ya koma ɗingishi. Malaman Dao suka mai da ɗingishin nan ibada: ƙafa ɗaya ta yi gaba, ɗayar ta jawo jiki ta same ta, ana bin zanen taurari bakwai na arewa a ƙasa. Tun ƙarni na 4 wani malamin Dao mai suna Ge Hong ya rubuta yadda ake takun.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar da ake koya wa masu rawa: in za ka hagu, fara karkata dama, in za ka sama, fara duƙawa. Wannan ya yi daidai da maganar Laozi, wanda ake ɗauka uban falsafar Dao, da ya ce komawa baya ita ce tafiyar Dao. Lura da mai rawa da dogon hannun rigar siliki: sai ta ja numfashi, ta janye hannu, sannan ta sake shi ya malala kamar ruwa.

Amma kar a jingina wa Dao komai. Rawar fada ta Yayue, mabiya Konfushiyas, wani malamin Sin na dā mai koyarwa daban, ne suka riƙe ta.