Mazaunin laftof mai fanka, da ramukan USB, da ɗakin faifai: a saya ko a bari?

Wasiƙu huɗu na wannan makon duk a kan kaya ɗaya suka tsaya, wato mazaunin nan mai fanka da ake ɗora laftof a kai don ta sha iska. Masu ƙera shi yanzu suna cusa masa ƙarin ramukan USB, da wurin zura katin memori, wani har da ɗakin saka faifan ajiya.

Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗina tana ɗaukar zafi idan ina haɗa bidiyo, har ta riƙa jan ƙafa. Na ga mazauni mai fanka biyu da ramukan USB huɗu da wurin saka faifai. Mai sayarwa ya ce da shi na huta da sayen abubuwa uku. In saya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka taɓa aljihu, kife kwamfutar ka duba ƙasanta. Yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska, su fitar da mai zafin ta baya ko ta gefe. Idan taka tana da ragar shan iska a ƙasa, mazauni zai iya taimaka mata, da sharaɗin fankarsa ta daidaita da ragar. Fankar da ke hura iska a kan rufaffiyar roba ƙara kawai take yi maka.

Sannan ka gano asalin zafin. Sauke manhajar auna zafi irin HWMonitor ko HWiNFO, ka bar ta a buɗe kana aikin bidiyon. Firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da yawa iyakarsu tana wajen digiri 100 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan suka doshi nan sai su rage gudu da kansu don kada su lalace. Jan ƙafar da kake gani ke nan. To amma idan kwamfutar ta shekara biyu ko uku ba a buɗe ta ba, na fi zargin ƙura ta toshe mafitar iska, ko man nan da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe. Babu mazaunin da ke maganin wannan. Kai ta wurin mai gyara ya share ta ya sabunta man, sau da yawa ragin zafin da za ka samu ya fi na kowace fanka ta waje. Ka kuma gwada ɗaga bayanta da wani abu mai kaurin yatsa biyu, ka sake duba ma'aunin. Kaso mai yawa na amfanin mazauni daga ɗagawar nan yake zuwa.

Yanzu ga inda maganar mai sayarwa ta yi rauni. Fanka biyu, da fitilun ado in akwai, da ramuka huɗu, da faifai, duk ta waya ɗaya suke shan wuta daga rami ɗaya na kwamfutarka. Ramin USB 2.0 a ƙa'ida wat 2.5 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma wat 4.5. Faifan HDD (mai faranti mai juyawa a ciki) mai inci 2.5 shi kaɗai, lokacin da yake tayar da juyi, yana iya neman kusan wat 5. Ka haɗa lissafin da kanka. Abin da ke biyo baya shi ne faifai ya riƙa ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa, fanka ta rage ƙarfi duk lokacin da ka soka wani abu, filasha ta katse ana tsakiyar kwafi. Ramuka huɗun da ka gani ba wuta huɗu ba ce, tuwo ɗaya ne aka ƙara masa hannuwa.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai kaya ita ce: mazaunin yana da wurin soka adaftar wuta ta kansa? In yana da shi, kuma adaftar tana cikin kwali, to ana iya magana. In babu, ka ɗauki ramukan a matsayin na linzami da kibod kawai, abubuwan da ba su cin wuta. Ni dai a aiki irin naka, zan sayi mazaunin da aka yi don sanyaya kaɗai, mai babbar fanka da ragar ƙarfe, in sayi marabar USB, wato na'urar da ke raba rami ɗaya ya zama da yawa, mai wutarta daban. Ranar da ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan.

Malam, ni mai ɗaukar hoto ce, kuma kwamfutata ta cika. Ina so in saka faifai a cikin irin wannan mazauni in kwashe duk hotunan abokan ciniki zuwa can. Ya ka gani?

'Yar'uwa, kalmar “duk” ɗin nan ce ta tayar mini da hankali, zan dawo kanta.

Fara da gudu. Mazaunai da yawa har yau USB 2.0 ne a cikinsu, fasahar shekarar 2000, ko da an rubuta manyan kalmomi a kwali. A takarda tana kai megabit 480 a daƙiƙa, a aikace kuwa da ƙyar ki wuce megabait 35 zuwa 40 (megabait ɗaya megabit takwas ne). USB 3.0, wadda ta fito a 2008, gigabit 5 ce a takarda, kuma da faifan SSD, wanda ba shi da faranti mai juyawa, za ki iya ganin wajen megabait 400 a daƙiƙa. Ma'ana, hotunan gigabait 50 za su ci miki fiye da minti 20 a ta farkon, minti biyu da ɗan abu a ta biyun. Ki leƙa cikin ramin: na 3.0 galibi shuɗi ne, ko a ga alamar SS a gefensa. Amma launi ba shaida ba ce, fenti ba ya tsada. Ki nemi a gwada kwafin babban fayil a gabanki. Ki kuma tuna cewa faifan da katin memori da duk abin da kika soka hanya ɗaya suke rabawa, idan kina kwashe hotuna daga kati zuwa faifan, bayanan sai sun shiga kwamfuta sun sake fitowa ta wayar nan guda.

Sai irin faifan. HDD yana da faranti mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti a ƙananan nan, da allura mai shawagi a kansa da tazarar da ido ba ya gani. Girgiza abokiyar gabarsa ce. Ke kuma za ki kwantar da shi a jikin abin da fanka ke kaɗawa, wanda kike buga rubutu a kansa, kike ja kike turawa a kan tebur. In har za ki saka faifai a mazauni, to ya zama SSD: ba shi da abin da ke motsi, bai damu da girgiza ba, kuma ba ya neman wutar tayar da juyi. SSD siffa biyu ne, ki tabbatar ɗakin na SATA mai inci 2.5 ne ko na M.2, don ba sa shiga wurin juna.

To, batun “duk”. Hoton bikin mutane ba a sake ɗaukarsa. Wayar mazauni tana saman tebur, gwiwar hannu na iya fizge ta, kuma allon lantarkin da ke cikin irin waɗannan kaya ba shi ne aka fi kashe wa kuɗi ba. Faifan da ke ciki ya zama wurin aiki, kada ya zama rumbu. Tsarin da masu harkar adana bayanai suka daɗe suna bi shi ne kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban, ko a ma'ajiyar intanet. Ina roƙonki kada ki goge komai daga kwamfutar sai kin buɗe kwafi na biyu kin ga hotunan da idonki.

Ina da MacBook Air. Mazauni mai USB-C da ramin HDMI zai sanyaya ta ya kuma ba ni sikirin na biyu?

MacBook Air tun daga mai M1 ta 2020 ba ta da fanka a ciki, ba ta da ragar iska a ƙasa, jikinta na alminiyom ne ke fitar da zafi. Iskar mazauni za ta ɗan sanyaya jikin, amma kada ka sa ran babban canji. Sikirin na biyu kuwa za ka samu, domin ramukanta suna fitar da hoto. Masu wasu kwamfutocin su ne za su yi hattara: USB-C siffar rami ce kawai, ba kowanne ke ɗauke da hoto ba, sai wanda aka yi masa DisplayPort ko Thunderbolt. Ka duba kuma ko mazaunin yana wuce da caji zuwa kwamfutar, da wat nawa, tunda ramukanka kaɗan ne kuma zai cinye ɗaya. A wurinka ƙaramar marabar USB-C mai kyau da mazauni marar fanka sun wadatar.

Tunda na sayi nawa mazaunin, linzamina marar waya yake tsalle-tsalle. Ya lalace ne?

Da wuya. USB 3.0 tana fitar da hayaniyar lantarki a kusa da zangon gigahaz 2.4, inda linzami da kibod marasa waya suke magana da ɗan makarinsu, wato ɗan abin nan da ake sokawa a ramin USB don ya karɓi saƙonsu. Kamfanin Intel ya fitar da bayani a kan wannan tun 2012. Idan ka soka makarin a ramin mazauni, kusa da faifai ko wayar da ba a lulluɓe ta da kyau ba, abin da zai faru ke nan. Cire makarin ka mayar da shi jikin kwamfutar, a gefen da ya fi nisa da wayar mazaunin. In ramuka sun ƙare, sayi gajeriyar wayar ƙari ta USB 2.0, ka soka makarin a bakinta ka ajiye shi kusa da linzamin. In tsallen bai daina ba, zare faifan ka gwada, sannan ka canja batirin linzamin.