Fatawa: Tsagaita wuta da azzalumi, da agajin da ke bi ta shingensa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, ina da dangi a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Muna tara musu taimako a masallacinmu saboda yaƙin ƙasar, sai wani ɗalibi ya ce mu dakata. Wai kiran tsagaita wuta da waɗanda suka kashe bayin Allah cin amanar mamata ne, kuma motocin agaji sai an biya masu bindiga a hanya suke wucewa, don haka mai bayarwa azzalumi yake ƙarfafawa. Mene ne hukunci? Kuma zakka tana iya tafiya can?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, kada ku dakata. Mutanen Mai Wurno ba baƙinmu ba ne, zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru ne gabas, suka ci gaba da ɗansa bayan an kashe shi a yaƙin Burmi a 1903. To kun haɗa sadaka da zumunci.

Kishin ɗalibin nan yana da tushe. Tun da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun ko-ta-kwana na RSF a 15 ga Afrilu 2023, an yi wa talakawa ta'asa. An sa hannu a Jidda a watan Mayu na shekarar cewa za a kare farar hula, tsagaitawar da ta biyo baya kuwa aka riƙa karya ta. A Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. Inda ɗalibin ya kuskure shi ne ɗaukar tsagaita wuta kamar wanke mai laifi. Dakatar da harbi daban, yafe jini daban. Haƙƙin wanda aka kashe yana nan, a duniya ko a gaban Allah.

Annabi (SAW) ya ƙulla sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira da Ƙuraishawa, mutanen da suka kashe Hamza da sahabbai a Uhudu, har na shekara goma. Sharuɗɗan sun yi wa Sayyidina Umar nauyi, amma Allah ya kira abin buɗi. Idan ya halatta da mushirikai, ina ga ɓangarori biyu masu fuskantar alƙibla ɗaya? Aya ta 9 a Suratul Hujurati ta fara da umurnin a sulhunta su. Ta ce a yaƙi wanda ya ƙetare iyaka, gaskiya ne, amma har sai ya dawo, sannan a sulhunta da adalci. A mazhabarmu ta Malikiyya, ƙulla irin wannan yarjejeniya aikin shugaba ne, yana duba maslaha, ba ta da iyakar lokaci, sai dai an so kada ta wuce wata huɗu. In ya ji tsoron yaudara ya warware ta a fili, kamar yadda Suratul Anfali ta koyar. Ba hurumin mai wa'azi ba ne da ke zaune lafiya a nan ya haramta wa mai jin yunwa a can 'yan kwanaki na numfashi.

Batun abinci kuwa, ku tuna Sumama ɗan Usal, ɗaya daga cikin shugabannin Yamama. Da ya musulunta ya hana alkamar Yamama zuwa Makka har Ƙuraishawa suka galabaita. Suka roƙi Annabi (SAW) da zumunci, ya umurce shi ya sakar musu, alhali ba su daina gaba da shi ba. Bai yarda a yaƙi yara da tsofaffi da yunwa ba.

Abin da ake biya a shinge don mota ta wuce, zunubinsa na wanda ya karɓa ne. Malamai sun halatta wa wanda aka zalunta ya ba da dukiya don ya tunkuɗe cuta ko ya kai ga haƙƙinsa. Mu da muke da 'yan'uwa a Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga suka addabi jama'a, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Sharaɗi ɗaya ne: rinjayen zato ya kasance mafi yawan kayan suna isa ga mabuƙata. In kun tabbatar wata hanya masu bindiga ke cinye duka ko akasari, ku bar ta ku nemi wata. Aikawa kai tsaye ga amintaccen dangi, ko ga masu dafa abincin unguwa da suke kira takaya, ya fi kusa da kuɓuta.

Zakka asalinta a raba ta inda ta wajaba. Amma idan na nesa sun fi tsananin buƙata, ana kai musu mafi yawanta, a bar saura ga matalautan gida. Ku tabbatar wanda zai karɓa yana cikin nau'o'i takwas ɗin da Suratut Tauba ta ambata, kuma ladan aikawa ku biya daga aljihunku, kada ku cire daga cikinta.

Wallahu a'alam.