Amsa: ina zan ajiye fasuwod ɗin sabar a Jenkins?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka, wai ko ka rubuta fasuwod ɗin sabar kai tsaye cikin Jenkinsfile (fayil ɗin matakan aiki na Jenkins, manhajar da ke gudanar da ayyukan gina manhaja da kanta) tunda aikin na ta tsayawa wajen shiga. Don Allah kar ka yi. Abin nan ya taɓa cin mu a wani ofis da na yi aiki nan Wuse, wani yaronmu ya tura makullin sirri cikin Git (ma'ajiyar fayilolin manhaja, inda ake ajiye irin su Jenkinsfile), washegari ya goge yana ganin shikenan, alhali yana nan daram a tarihin canje-canje, ranar sai bayan isha'i muka tashi muna ta canza makullai ɗaya bayan ɗaya, janareta na ta ruri a bayan taga.

Shiga Manage Jenkins, ka je Credentials, ka saka suna da fasuwod a can, ka ba shi ID mai ma'ana. A cikin Jenkinsfile sai ka kira shi da withCredentials da usernamePassword, ID ɗin kaɗai zai fito a fayil, in sirrin ya bayyana a allon sakamako kuma Jenkins zai rufe shi da taurari (****).

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne alamar zance. In ka rubuta sh (matakin da ke gudanar da umarni) da " to Groovy, harshen da ake rubuta Jenkinsfile da shi, ne zai cusa fasuwod ɗin cikin umarnin tun kafin ya gudu, wanda ya duba ayyukan da ke gudana a injin zai iya ganinsa ƙarara. Yi amfani da ' kawai, ka bar shel, wato mai gudanar da umarnin a injin, ya ɗauko fasuwod ɗin da kansa. Kuma rufewar nan ba ta bin fayilolin da ka adana, kar ka zuba sirri a ciki.

In ka riga ka tura shi Git, canza shi yau ɗin nan, gogewa ba ta isa ba.