Ga 'yar'uwar da ta ce addu'arta ta yi sanyi

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke, 'yar'uwa. Kin ce shekara uku ke nan da yi miki baftisma. Da farko ba kya gajiya da addu'a, wa'azi kan sa ki hawaye, yanzu kuwa tsakanin wurin aiki da yara biyu, da kin buɗe Littafi Mai Tsarki da dare sai barci ya kwashe ki. Kina tambaya ko baya kika koma, kuma yaya wadda ba ta da lokacin kanta za ta yi girma cikin bangaskiya.

Na ga wasu sun riga sun ba ki shawarar azumi da kwanan addu'a. Ban ce ba su da amfani ba. Amma ni da na girme ki, na kuma yi renon yara ina zuwa aiki, abin da na hango a tambayarki daban ne. Kina auna kanki da abin da zuciyarki take ji, alhali Littafi bai ba mu wannan ma'aunin ba. Ki buɗe Galatiyawa 5:22-23 ki duba abin da Bulus ya ce Ruhu yake haifarwa a cikin mutum: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai. Guda tara ne, kuma yawancinsu ba a iya gwada su a ɗaki a rufe. Haƙuri sai da wanda zai ƙure ki. Tawali'u sai da wanda zai yi miki magana mai zafi a gaban mutane. Wato yaran nan da wurin aikin nan da kike ganin su ne suka tsaya tsakaninki da Allah, a cikinsu ne yake yin aikinsa a kanki.

Akwai wurin da nake so ƙwarai, ba a cika yin wa'azi a kansa ba, Luka 3:10-14. Mutane sun ji wa'azin Yohanna Mai Baftisma, zuciyarsu ta karye, suka tambaye shi me za su yi. Bai ce kowa ya bar sana'arsa ya biyo shi jeji ba. Mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Kowa an mai da shi bakin aikinsa, a can zai nuna tubansa. Ubangiji Yesu kansa yana da wajen shekara 30 kafin ya fara hidima a fili, in ji Luka 3:23, mutanen garinsu kuma da sassaƙa suka san shi. Shekarun da ya yi yana aikin hannu sun ninka na wa'azinsa sau da yawa, ba kuwa wanda zai ce ɓata lokaci ya yi.

Saboda haka in kina son sanin ko kina girma, ki duba wuraren da ba wanda yake tafa miki. Mu a wurin aikinmu akwai littafin da kowa yake sa hannu da safe ya rubuta lokacin da ya iso. Al'adar kowa ce wanda ya zo ƙarfe takwas da rabi ya rubuta takwas, har a kan buga wa juna waya a ce don Allah sa mini hannu ina hanya. Wata abokiyar aikina, mai bi ce, ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi a kan wannan ba. Za ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta rubuta abin da ta gani, ko da kuwa jan layi zai hau sunanta. In an roƙe ta ta sa wa wani hannu, sai ta ce, “Yi haƙuri, ba zan iya ba, amma in an tambaya zan ce kin kira kin ce kina hanya.” An yi mata gori, an ce ta cika iyayi. Amma ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo a ofis aka rasa wanda za a yarda da maganarsa, ita aka kira. Wannan shi ne Luka 16:10 a aikace, mai aminci a ƙaramin abu shi ne mai aminci a babba. Haka ma Daniyel, da maƙiyansa suka bincike shi ciki da waje a sura ta 6 ta Littafin Daniyel, a aikin gwamnati suka fara neman laifinsa, suka rasa, sannan suka koma kan addu'arsa.

Ki tambayi kanki irin waɗannan. Bashin da kika ci kin biya, ko kina kauce wa mai shi a ƙofar coci? Zabura 37:21 ba ta sassauta wa mai ci ya ƙi biya ba. Labarin da aka ba ki a asirce ya tsaya a wurinki, ko ya fita da sunan “mu sa ta a addu'a”? Wannan gulma ce da aka sa mata kayan Lahadi, kuma ta yi mana yawa. Yaya muryarki take da yara in kin dawo a gajiye?

Yanzu maganar karatu da addu'a, don ba cewa nake ki bar su ba. Ai reshe ba ya ba da 'ya'ya in ya rabu da itacen, Yohanna 15 ta faɗa sarai. Abin da nake cewa shi ne ki rage girman abin da kika ɗora wa kanki, ki riƙe shi kullum. Littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki surori 1,189 ne, mai son gamawa a shekara guda sai ya karanta sura uku zuwa huɗu kowace rana. Tsari ne mai kyau, amma a ganina ba na wannan lokacin rayuwarki ba ne. Da yawa sukan fara da zafi a Janairu, su maƙale a Littafin Firistoci, daga nan kunya ta hana su sake buɗewa. Ki ɗauki Markus, surori 16 ne kawai, ki riƙa karanta labari ɗaya, aya goma ko ƙasa da haka. Ki mai da karatun safe, tun kafin ki duba saƙonnin waya, domin dare ya riga ya nuna miki ba naki ba ne. In safiyar ma ta gagara, akwai Littafin da ake saurara a waya, ki sa a kunne a hanyar zuwa aiki. Da yayyafi kogi kan cika.

Wata dattijuwa a ikkilisiyarmu, wadda idonta ya riga ya raunana, ita ta nuna mini yadda ake cin moriyar aya guda. Ranar Lahadi za ta sa jikarta ta karanta mata wurin da aka yi wa'azi, ta zaɓi aya ɗaya, a maimaita mata har ta zauna. Duk makon nan da ita za ta yi ta juyawa, tana shara tana faɗa a hankali, tana jiran mota tana faɗa. In ka kai mata kuka ranar Alhamis, da wannan ayar za ta amsa maka, kuma sai ka ga ta dace. Ban san adadin surorin da ta taɓa karantawa ba, amma ban ga wanda Maganar Allah ta jiƙa kamarta ba.

Addu'a ma haka. Wadda Yesu ya koya wa almajiransa a Matiyu 6:9-13 ba ta kai minti ɗaya ba, kuma kafin ya koyar da ita sai da ya gargaɗe su a kan yawan surutu. Nehemiya yana tsaye gaban sarkin Farisa, sarki ya tambaye shi me yake so, a tsakanin tambayar da amsar ya yi addu'a ga Allah na sama (Nehemiya 2:4). Irin wannan kina da lokacinta. Saƙo ya shigo mai ɓata rai, yatsanki har ya fara rubuta amsa, ki ajiye wayar ki ce, “Ubangiji, riƙe bakina.” Ki haɗa da lokaci ɗaya tsayayye a rana, ko minti goma ne, wanda yara ma za su san na Mama da Allah ne.

Game da sanyin da kike ji, kashi biyu ne, kuma ya kamata ki bambanta su. Akwai wanda wani abu ne ya toshe hanya: gaba da wani, ƙarya da ba a warware ba, zunubin da ake lallaɓawa. Wannan maganinsa a bayyane yake, Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. In kin bincika kin samu, kada ki tsaya neman wata sabuwar addu'a, ki je ki gyara. Amma akwai wanda ba laifin kowa ba ne, kuma tsarkaka da yawa sun bi ta cikinsa. Zabura 13 da tambayar “har yaushe” ta fara. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalmar ta'aziyya ba, aka kuma bar ta a cikin Littafi. Mama Teresa ta Kalkata, wadda ta yi suna wajen hidimar matalauta da marasa lafiya a ƙasar Indiya, ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai duniya ta ga ta yi shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta, duk da haka kowace safiya tana tashi ta yi addu'a ta koma wurin marasa lafiya. Ni ban ɗauki wannan raunin bangaskiya ba. Yin biyayya ba tare da zaƙin ji ba ya fi wuya nesa.

Kuma ke ba za ki iya ganin girmanki da idonki ba. Uwa ba ta ganin tsawon da ɗanta yake ƙarawa, sai baƙo ya zo ya ce kai, yaron nan ya girma, ko takalmi ya matse. Shi ya sa kike bukatar mutane. Wa'azin waya, komai daɗinsa, bai san sunanki ba, ba zai lura kin yi mako uku ba ki zo sujada ba. Wasu masu wa'azin ma sai su bar ki da jin cewa in ba ki ga abin al'ajabi a makon nan ba, bangaskiyarki ce ta gaza, ki yi hankali da su. Ibraniyawa 10:25 ta ce kada mu bar taruwa, Titus 2 kuma ta ɗora wa manyan mata koya wa ƙanana. Ki nemi mace ɗaya a ikkilisiyarku wadda kika ga zamanta da mutane ya yi miki, mai riƙe sirri, ki ce mata kina so ku riƙa yin addu'a tare ko sau ɗaya a wata. Ki ba ta izinin gaya miki gaskiya. Bayan shekara ki tambaye ta abin da ta ga ya canza.

Abu na ƙarshe, don kin ambaci gajiya har sau biyu. A 1 Sarakuna 19, da Iliya ya gudu jeji ya ce ya gaji da rai, Allah bai fara da yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, sai daga baya aka yi magana. Ki zauna da maigidanki ku duba yadda za a rage miki wani abu a gida ki samu barci. In kuma abin ya wuce gajiya, kin daina jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, kuka yana zuwa ba dalili har mako biyu ko fiye, ki gaya wa fastonku, ki kuma je ki ga likita, kada kowa ya ce miki rashin bangaskiya ne. Ina sa ki a addu'a, ƙanwata. In kin fara Markus ɗin, ki sanar da ni inda kika kai.