Dalilin da ya sa Daumier ya koma zanen mutanen gari

Malam, ka tambayi abin da ya sa Honoré Daumier, wanda ya yi suna da zanen ba'a ga Sarki Louis-Philippe na Faransa, ya koma zana lauyoyi da 'yan haya da fasinjojin jirgin ƙasa. Babban dalilin shi ne doka. A 1831 ya zana sarkin a siffar wani ƙato mai haɗama, yana zaune yana haɗiye kuɗin da aka tatso daga talakawa, kuma wannan hoton ya jawo masa ɗaurin wata shida a 1832. Bayan yunƙurin kashe sarkin a watan Yulin 1835, gwamnati ta kafa dokokin Satumba, waɗanda suka wajabta neman izini kafin a buga kowane zane, kuma La Caricature, mujallar ba'ar siyasa ta Charles Philipon wadda Daumier yake yi wa zane, ta daina fitowa a wannan shekarar.

Daga nan Daumier ya duƙufa a jaridar Le Charivari, inda yake zanawa da alli mai maiƙo a kan dutse, a buga kwafi masu yawa da araha. A ganina, wannan sauyin bai dakushe kaifinsa ba ko kaɗan. Ka duba jerin zanensa na lauyoyi na shekarun 1840: a ɗaya daga ciki, lauya ya ɗaga hanci yana tafiya tare da wata mata sanye da baƙin takaba da yaronta, yana faɗa mata cewa ko da yake ta faɗi shari'a, ai ta ji daɗin sauraron jawabinsa a kotu.